Tarihin Shokozoba da Gyaran Bayan Motar Jif

Sifirin ya girmi mota da kusan ƙarni guda, domin tun a 1804 wani maƙerin keken doki a Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar hanyar ɗora keke a kan sifirin mai falle-falle, wato siraran ƙarafa masu lanƙwasa da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya. Sai dai sifirin ba ya cinye bugun da ya karɓa daga hanya, ajiye shi yake yi sannan ya mayar, shi ya sa abin hawa ke ci gaba da lilo bayan ya wuce rami. A zamanin doki gugar da fallayen ke yi wa juna ta wadatar wajen kwantar da lilon, amma da mota ta zo da gudunta sai aka buƙaci na'ura ta daban, wadda ita ce shokozoba.

Shokozoba ta farko da ta yaɗu a farkon ƙarni na 20, ta Bafaranshe Truffault da Ba'amurke Edward Hartford, hannuwa biyu ne na ƙarfe masu faifai a mahaɗarsu, kuma idan faifan suka cinye sai a ƙara ɗaure noti ɗaya lilo ya tsaya. Bayanta Maurice Houdaille ya ƙera mai amfani da ruwa mai kauri, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, ƙarfin bugun ya koma zafi ya baje a iska. Kamfanin Ford ya sanya ta a motarsa Model A a 1927. Ita kuma tana da murfin da ake kwancewa a ƙara mata ruwa. Abin lura shi ne duka biyun an yi su ne don a riƙa gyara su, kuma bakaniken wancan lokaci da hannunsa yake dawo da su hayyacinsu.

Wannan ya canza bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da shokozoba mai siffar bututu, wadda fistan ke kai da kawowa cikin mai a cikinta, ta mamaye kasuwa. Rauninta kumfa ne, domin a hanya mai gargada man yakan yi zafi ya gauraya da iska har fistan ya rasa abin turawa. A 1953 Christian Bourcier de Carbon ya magance haka da iskar naitirojin mai matse man, kuma kamfanin Bilstein ya fara sanya irinta a motocin Mercedes a 1957. Amma yawancin waɗannan bututu a like suke fitowa daga masana'anta, don haka gyara ya koma canji, gwanintar bakanike kuma ta koma ga gano inda laifin yake.

Bayan jif ya fi ko'ina wahalar daidaitawa, saboda yau babu kowa a ciki, gobe kuma an cika shi da mutane da kaya. Jif ɗin soja na Willys na 1941 da Land Rover na 1948 duk sifirin mai falle-falle suka yi amfani da shi, wanda gugarsa kan rufa wa matacciyar shokozoba asiri na wani lokaci. Range Rover na 1970 ya zo da sifirin murɗaɗɗe, mai laushi kuma marar guga, har sai da aka ƙara masa wata na'urar kamfanin Boge mai ɗaga baya da kanta idan kaya sun yi nauyi, sannan Land Cruiser samfurin 80 ya bi tafarkin sifirin murɗaɗɗe a 1990. Daga nan aikin kwantar da lilo ya rataya kusan gaba ɗaya a wuyan shokozoba.

Shi ya sa gwajin da kanikawa suka gada bai tsufa ba: a danna kusurwar bayan motar da ƙarfi a saki, idan ta taso ta tsaya to da sauran rai, idan kuwa ta ci gaba da lilo sai a duba yoyon mai a jikin bututun, da robobin da ke riƙe shi sama da ƙasa, da tayar da ta ci wuri-wuri. Ana canza na hagu da na dama tare, domin sabuwa da tsohuwa ba sa riƙe mota daidai a kwana. Akwai kuskure biyu da kan cutar da masu mota a gareji. Na farko ƙara wa sifirin falle, wanda ke ɗaga baya ya ƙara masa tauri ba tare da ya farfaɗo da shokozobar ba. Na biyu sayen 'yar Beljiyam, wato wadda aka ciro daga tsohuwar motar Turai, alhali bututun da ke like ba ya nuna wa mai saye yawan tafiyar da ya riga ya yi, kuma tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa sosai a lokacin da aka taka birki.