Yadda Aikin Ja Ya Tsallake Doki Ya Faɗa Kan Sa a Ƙasar Yauri

A yammacin Amurka, makiyayi kan horar da dukushi ya saba da igiya: da farko a goga masa ita a jiki har ya daina firgita, sannan a sa shi jan ƙaramin gungume, kafin a bar shi ya riƙe maraƙin da aka zarge. Sun gaji wannan sana'a daga makiyayan Meziko. Mu a Ngaski da Shanga da Yauri muna da irin wannan horo, amma sa muke yi wa. Doki bai taɓa shiga aikin ja a wurinmu ba, kuma tarihi ne ya raba musu aikin.

Dalili na farko shi ne kogi. Kurmin bakin Kwara matattarar ƙudan tsando ne, mai kawo sammore, kuma doki ba ya jure wannan cuta. Saboda haka dawaki suka zama kaya masu tsada da ake kawowa daga arewa, sai sarki da hakimai da barade. Wanda ya sayi dabba da irin wannan kuɗi ba zai ɗaura mata gungume ba. Fataken goro da ke bi ta Yauri daga Kano zuwa Gwanja ma a bayan jaki da takarkari suke ɗora kaya, Gungawa kuma su tsallakar da su da jirgi. Noma kuwa, a wajen Kambari da sauran manoma, na hannu ne da fartanya da garma.

Abin ya fara sauyawa a 1928, lokacin da ma'aikatar gona ta Turawan mulki ta soma koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, ana ba su bashin bijimai da garmar ƙarfe. Ya fi kankama a ƙasar auduga da gyaɗa, wato Kano da Katsina da Zariya, daga baya ya gangaro yamma. Sai kuma 1968, da aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya cinye gungu-gungu da fadamu, aka tayar da mutane sama da 40,000. Wanda ya saba da 'yar gona mai albarka a tsibiri ya koma tudu, inda sai an faɗaɗa gona ake cika rumbu. Hannu kaɗai ba ya isa wannan aiki.

Horon kansa na haƙuri ne. Idan ɗan bijimi ya kai kamar shekara uku, sai a huda masa hanci a zura igiya. A haɗa shi da tsohon san da ya ƙware, a ɗora musu karkiya su yi ta yawo ba kaya. In wuyansa ya saba, a ɗaura gungume su ja, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ana maimaita masa kalmomin tafiya da tsayawa da juyawa. Garma ce ta ƙarshe, da sanyin safiya, kafin rana ta take. Masu aikin sun san cewa san da aka fara da duka, ko aka ɗora wa nauyi da wuri, yakan koyi kwanciya a tsakiyar kunya, kuma da wuya ya bari.

Yau wannan ilimi yana tsaka mai wuya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, komai na inji ya yi tsada, hayar tarakta ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ga kuma ɓarayin shanu da suka sa wasu sayar da shanun huɗarsu don tsoro. Duk gidan da ya rabu da tsohon sa ya rasa mai koya wa ƙarami, yaran gidan kuma su tashi ba su iya riƙe garma ba. Sana'ar ba ta cika shekara ɗari a ƙasarmu ba. Tana hannun dattawan da suka iya, kuma da damina ake koyonta, a bayan shanu.