Asalin Motar Ɗaga Kaya da Gadon da Ta Bar wa Masu Ƙira

Motar ɗaga kaya, wato ƙaramar motar nan mai yatsun ƙarfe biyu a gaba da ake sokawa ƙarƙashin kaya a ɗaga su sama, ta samo asali ne daga buƙatar ma'aikata a wuraren aikinsu, tun kafin ta zama hajar da ake kai wa kasuwa. A shekarar 1906 kamfanin jiragen ƙasa na Pennsylvania Railroad a Amurka ya fara amfani da amalanke mai aiki da batir wajen jigilar kayan fasinjoji a tashar Altoona, sai dai aikin wannan amalanke bai wuce dako ba, domin ba ya ɗaga komai.

A shekarar 1917 ma'aikatan kamfanin Clark da ke garin Buchanan a jihar Michigan suka harhaɗa wata mota mai ƙafa uku don kwasar kaya tsakanin sassan masana'antarsu, kuma baƙin da suka gan ta tana aiki ne suka nemi a ƙera musu irinta. Kamfanin Yale ya biyo baya a 1923 da mota mai lantarki wadda yatsunta ke hawa kan dogayen ginshiƙan ƙarfe, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗa ta, lokacin da sojojin Amurka suka rungumi falet, wato faifan katako da ake jera kaya a kansa domin yatsun su sami wurin shiga.

Ƙarfin ɗagawar yawanci daga haidirolik yake fitowa, wato dabarar matsa mai ko ruwa a cikin bututu har ya tura sandar ƙarfe, wadda Joseph Bramah ya yi wa rajista a Ingila tun 1795 a matsayin injin matsi. Daidaito kuwa ya dogara ga ƙafafun gaba, waɗanda su ne tsakiyar ma'auni, shi ya sa ake ɗora dunƙulen ƙarfe a baya ya rinjayi kayan, in ba haka ba motar ta kife.

Mai walda da ke haɗa tasa motar ɗaga kaya a yau daga tsohon injin janareta, jak ɗin mota da ragowar ƙarafa yana bin sawun ma'aikatan Clark ne, kuma wajibinsa shi ne ya auna ƙarfin kowace walda da nauyin da za ta ɗauka, domin rayukan mutane na tsaye kusa da kayan.