Farcen humra: Dodon koɗin tekun da ke cikin ƙamshin amaren Zazzau

Cikin kayan haɗin humra da turaren wuta da ake saye a kasuwar birnin Zariya akwai wani abu mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira farce. Ba na mutum ba ne, ba kuma na tsuntsu ba. Murfi ne da wasu dodannin koɗi na teku ke toshe bakin ɓawonsu da shi idan suka shige ciki.

Ɗaya daga cikin manyan masu wannan murfi shi ne wanda masana ke kira Chicoreus ramosus, wanda Carl Linnaeus ya fara bayyanawa a 1758. Yana zaune a Bahar Maliya da Tekun Indiya har zuwa yammacin Tekun Fasifik, kuma tsawonsa kan kai santimita 30.

Yadda yake farauta

Nama yake ci. Yakan hau kan wata dabba mai ɓawo, ya zuba mata ruwan da ke tausasa ɓawon, sannan ya kankare wurin da harshensa mai ƙananan haƙora kamar magagari. Idan ya huda, sai ya zura baki ya cinye naman.

Ɓawo da murfi

Ɓawonsa fari ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, gefen bakinsa ja-ja, kuma an gina shi da sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Kowane zagaye na ɗauke da layi uku na ƙayoyi masu rassa da ke ba shi kariya. Shi kuwa murfin, ƙirarsa irin ta ƙaho ce, shi ya sa yake ƙonuwa. Larabawa ma da sunan farce suke kiransa.

Abin lura ga masu haɗi

Wani bincike da masanan Jami'ar Southern Cross ta Ostareliya suka jagoranta, aka wallafa a 2017, ya gano cewa hayaƙin murfin na ɗauke da sinadaran da ke sa ƙamshi ya daɗe. Ya kuma nuna cewa jiƙa shi kafin ƙonawa na kawar da wani sinadari mai ƙarni da illa. Ashe wankin da mata masu haɗi ke yi wa farce kafin su soya su daka ba al'ada ce kawai ba.

Murfi ɗaya tak kowane dodon koɗi yake da shi, kuma manne yake da naman ƙafarsa. Duk ƙwayar farcen da ta iso cikin ganuwar Zariya, dabba guda ce ta mutu.