Yuf, ƙauyen da ke bisa ƙoƙuwar duwatsu

Mai karatu, ka san dutsen Bagzan na ƙasar Ayar? Ƙoƙuwarsa ta kai mita 2022, babu wurin da ya fi ta tsawo a Nijar. To, a ƙasar Suwis, cikin duwatsun Alp, akwai ƙauyen da ya ɗara ta. Sunansa Yuf, masu shi suna rubuta Juf. Yana bisa mita 2126, can ƙarshen kwarin Afers. Mutanensa wajen 30 ne, kuma suna nan rani da damina.

Wurin sanyi gare shi ƙwarai. Dusar ƙanƙara tana rufe ƙasa wajen rabin shekara. Hatsi ba ya nuna, itace ba ya tsirowa, sai ciyawa. Ciyawar nan ce ta jawo mutane. A ƙarni na 13, wasu makiyaya da ake ce ma Walsa, masu jin Jamusanci, suka zo da bisashensu suka zauna. Idan ƙanƙara ta narke, kowa ya fita yankan ciyawa, a busar da ita, a ɓoye ma shanu. Da yake babu itacen wuta, kashin tumaki suke busarwa su hura. Wanda ya zauna inda icce ya yi wuya ya san wannan dabara.

Amma yaya suke fita? Ƙasan kwarin, wajen arewa, makurɗi ne mai zurfi, ruwa na gudu cikinsa. Saboda haka sai suka juya kudu. Suna haye duwatsu da ƙafa, su kora shanu kasuwannin Italiya, su komo da hatsi da gishiri.

Daga 1890 zuwa 1895 aka fasa dutse, aka yi hanyar keken doki cikin makurɗin. Wajen 1960, sa'ad da ake gina madatsun ruwa don wutar lantarki, aka gyara ta. Tun da hanya ta samu, harkar mutanen kwarin ta koma arewa. Motar gidan waya, mai launin rawaya, tana tasowa daga garin Ander ta hau har Yuf, ta kawo wasiƙu da baƙi masu yawon buɗe ido.

Sai dai ka lura: hanyar da ke kawo kaya ita ke ɗaukar samari. A 1850 kwarin Afers duka yana da mutum 293. A 2000 sun koma 160. Waɗanda suka rage sun haɗa kiwo da saukar baƙi, shi ya sa gidajensu ba su zama kufai ba.

Idan aka kawo hanya ƙauyenku, ka tuna da Yuf. Ku tanadi abin da mota za ta ɗauka zuwa kasuwa, don kada ta riƙa ɗaukar ƴaƴanku kaɗai.