Dogon da ya tsaya a Ƙaura

A 1929 aka buɗe layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda. Reshe ne na babban layin da ya haɗa Legas da Kano tun 1912, tsawonsa ya ɗara kilomita 200. Turawa ba don matafiya suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da auduga da fatu suke so su isa bakin teku da araha, domin masaƙun Ingila na neman auduga, kamfanoninta kuma na neman mai.

Jirgin bai zo da sa'a ba, don a shekarar da ya fara aiki kasuwar duniya ta karye, farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Duk da haka ya sauya ƙasar Zamfara. Gusau ta cika da kantunan Turawa, aka kafa injin gurzar auduga, Sabon Gari ya tsiro kusa da tasha. Da kaka, sai sikeli da 'yan baranda da 'yan dako, ana jibge buhuna har tarago ya samu. In jirgi ya juyo daga kudu, ya kawo gishiri da kananzir da atamfa da goro.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa daga nesa suka san shi. Dogon bai kai Sakkwato ba, saboda haka kayansu kan jaki da raƙumi, daga baya a babbar mota, suke kaiwa tasha. Kuɗin wannan ɗauka a jikin manomi yake fita.

A 1955 layin ya koma hannun sabuwar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. Amma rayuwarsa ta rataya ne ga gyaɗa. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka kashe cinikin, kuɗin fetur ya shimfiɗa kwalta, motoci suka kwashe abin da ya rage. Ko da aka kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978, lokacin da yankin Mafara zai samu kayan da suka isa cika tarago, jirgin ya riga ya fara ja da baya. Sabon dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Katsina da Jibiya aka zana shi, bai taɓa Zamfara ba.