Yadda Ilmin Wayar Iska Ya Iso Ƙasar Haɗeja

A zamanin da, in Sarkin Haɗeja yana da saƙo zuwa Kano, sai a ɗaura wa doki sirdi, manzo ya yi kwanaki bisa hanya. In kuwa damina ce, kogi ya cika ya malale fadamu, to, sai a nemi masu kwalekwale, ko a jira ruwa ya janye.

Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi cikin 1906. Cikin 1930 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, ta bi ta Malam Madori. Tare da dogo aka ja waya, gama jirgi ba ya tashi sai tashar gaba ta ba da izini. Masu buga tangaraho na lokacin galibinsu baƙi ne daga Kudu, domin can aka fara boko. Talakan Haɗeja yana ganin waya, amma ilminta ya yi masa nisa.

Cikin 1985 aka kafa NITEL, wadda ta riƙe makarantar horon ma'aikata a Kano. Amma babban canji bai zo ba sai 2001, sa'ad da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya. Nan da nan dogayen turaku na ƙarfe suka soma tsayawa garuruwa, aka shiga neman samarin da suka san aikinsu. Cikin 2004 hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta kafa makarantar Digital Bridge, wadda reshenta na Kano ya gaji tsohuwar makarantar NITEL. Jihar Jigawa kuwa, da aka ƙirƙira cikin 1991, ta buɗe makarantar ilmin kwamfuta a Kazaure. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta biyo baya cikin 2011, ta Kafin Hausa kuma cikin 2013, ga ta nan a ƙofar Haɗeja.

Duk da haka, littafi rabin ilmin ne. Ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsaunin da zai tare saƙo tsakanin turke da turke, wannan alheri ne. Amma faifan da ke bisa turke dole ya dubi ɗan'uwansa sak, kamar maharbi da abin harbi. In guguwa ta karkatar da shi kaɗan, magana ta yanke. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana saƙon, ƙurar hunturu tana toshe na'ura, zafin bazara yana kashe batir. Waɗannan ba a gane su sosai sai wajen hawa turke tare da gwani, yadda ɗan maƙeri ke koyo a bakin zuga.

Cikin 2022 kogi ya yi ambaliya mai tsanani, ya cinye gonaki, ya yanke hanyoyin mota. Ƙauyen da ruwa ya kewaye ba shi da hanyar neman agaji sai wayar hannu, wayar kuwa ba ta aiki sai turke yana da wuta. A irin wannan rana gwanin da ke Kano ba ya isowa. Wanda ke iya kai mai da kayan gyara cikin kwalekwale shi ne ɗan ƙasar da ya san ruwan.