Jonathan Da Wayar 31 Ga Maris 2015



Mu da ke zaune a Sabo ta Ibadan, Agege ko Fatakwal, mudun da muke auna shugaba da shi daban ne, domin idan siyasa ta yi zafi baƙo ake fara taɓawa. Da wannan mudu za mu auna Goodluck Jonathan, wanda ya mulki Najeriya daga 2010 zuwa 2015.

Gazawarsa ba a ɓoye take ba. A zamaninsa Boko Haram ta kama Gwoza da Mubi, aka sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, gwamnati kuwa ta yi ta jan ƙafa.

To amma ku tuna zaɓen 2015. Saboda jinin da aka zubar bayan na 2011, da yawa cikinmu sun kwashi iyali sun yi Arewa. Ranar 31 ga Maris, tun kafin INEC ta bayyana sakamakon ƙarshe, ya kira Buhari a waya ya amsa shan kaye, abin da shugaba mai ci bai taɓa yi ba a ƙasar nan. Kasuwanni suka buɗe, waɗanda suka gudu suka dawo suka tarar da rumfunansu lafiya.

Wanda bai taɓa kwana da kaya a ɗaure ba zai iya raina wannan waya, mu dai mun san darajarta. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka, amin.